Ku Tambaya Mu Amsa: Wane ne mutumin nan na jikin dala dubu goma?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Satin nan kusan duk saƙonnin da suka shigo kan mutum ɗaya suka faɗa, sabida hoton nan na takardar dala dubu goma da ya yi ta yawo a Facebook da WhatsApp, to sai na ga gara in haɗa su wuri guda in amsa, wanda bai ga tashi tambayar ba ya yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan canji ne a nan cikin Katsina, shekarata goma sha ɗaya ina wannan sana'a amma ban taɓa riƙe dalar da ta wuce ɗari ba, to wai da gaske akwai ta dubu goma ko haɗi ne na kwamfuta? Kuma wane shugaban ƙasa ne a jiki?

AMSA: Ɗan'uwa da gaske ne akwai ta, amma kar ka kuskura wani ya shigo maka shago da ita ka ƙirga mashi naira. An daina buga ta tun 1945, a 1969 gwamnatin Amurka ta sanar da janye manyan takardun nan gaba ɗaya, na ɗari biyar, dubu, dubu biyar da dubu goma. 'Yan kaɗan da suka rage suna hannun gidajen tarihi da masu tara tsoffin kuɗi, kuma farashinsu ya ninka abun da aka rubuta a jiki nesa ba kusa ba, saboda haka duk wanda ya zo da ita Katsina yana neman canji cikin gaggawa to ɗan damfara ne, shikenan.

Mutumin kuwa bai taɓa zama shugaban ƙasa ba, duk da ya nema har ya gaji. Sunanshi Salmon Chase, shi ne sakataren baitulmalin Amurka lokacin yaƙin basasarsu, wato kamar ministan kuɗi a wurinmu, ko ka ce Ma'aji. Kai da ke juya dala kullum ka duba ta ɗari, Benjamin Franklin ne a jiki shi ma ba shugaban ƙasa ba ne, ta goma kuma Alexander Hamilton ne, ma'ajinsu na farko. Mu ma ai haka muka yi da dubu ɗaya, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong gwamnonin Babban Banki ne.

An haifi Chase ran 13 ga Janairun 1808 a jihar New Hampshire. Yana ɗan shekara tara babanshi ya rasu ya bar uwar da tulin 'ya'ya ba abun hannu, sai aka tura shi Ohayo wurin baffanshi wanda babban limamin coci ne, can ya yi zaman riƙo, karatu da aikin gona. Ya gama kwalejin Dartmouth a 1826, ya koyi aikin lauya a Washinton, a 1830 ya tare a Sinsinati. To nan ne labarin ya fara daɗi, domin garin yana bakin kogin Ohayo ne, tsallaken kogin jihar Kentaki ce inda ake bauta, wannan gefen kuma an hana. Kamar dai ka tsaya a Kongolam kana hangen Nijar, taku kaɗan doka ta sake. Bayi suna gudowa su haye ruwa, iyayengijinsu su biyo su da 'yan farauta.

A 1837 ya tsaya ma wata baiwar Allah mai suna Matilda da ta gudu take aikatau a gidan wani ɗan jarida, James Birney. Hujjar Chase ita ce bauta dokar jiha ce kawai, da zaran ubangida ya shigo da bawa ƙasar da ba a bauta to igiyar ta tsinke. Alƙali bai karɓa ba, aka miƙa yarinyar ga masu kamu aka yi kudu da ita. Haka shari'ar wani manomi John Van Zandt da ya ɗauko gudaddun bayi tara a keken dokinshi a 1842, Chase ya bi ta har Kotun Ƙoli, a 1847 nan ma aka kayar da shi. Yawancin irin waɗannan shari'u faɗuwa yake, masu kuɗin garin da ke cinikayya da kudu suna jin haushinshi, har suka laƙaba mashi sunan antoni janar na gudaddun bayi don su muzanta shi, amma bai fasa ba. A 1845 baƙaƙen fatan Sinsinati suka yi karo-karo suka sai mashi butar azurfa kyauta. Wallahi ni wannan butar ta fi burge ni a kan hotonshi na jikin kuɗi, don talakawan da ba su da ko ƙuri'a ne suka cire daga bakinsu suka saya.

Daga nan siyasa ta ja shi, sanata daga 1849 zuwa 1855, gwamnan Ohayo daga 1856 zuwa 1860. A taron fidda gwani na jam'iyyar Rifablikan a Shikago a 1860 ya samu ƙuri'a 49 kacal a zagayen farko, Abraham Lincoln ya ɗauke tikitin, da ya ci zaɓe sai ya jawo abokan takararshi cikin gwamnati, ya damƙa ma Chase baitulmali a watan Maris 1861. Wata ɗaya bayan nan yaƙi ya ɓarke.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne ina karanta tattalin arziki a jami'ar Umaru Musa Yar'adua. An ce shi ya ƙirƙiro dalar takarda, to da can da me suke ciniki?

AMSA: Ƙanena, takarda kam akwai ta tun kafin shi, sai dai ba ta gwamnatin tarayya ba ce. Kuɗin gwamnati tsaba ne, zinari da azurfa. Takardu kuwa kowane banki buga nashi yake, bankuna sama da dubu, takardu kala dubbai, wani bankin ma ya mutu tuni amma takardarshi na yawo, ga jabu ko'ina. Ɗan kasuwa sai ya ajiye wani littafi a kanta yana dubawa kafin ya karɓi kuɗinka, in takardar ta garin nesa ce a rage mata daraja. Ka ƙaddara a ce kuɗin Funtuwa daban, na Daura daban, na Malumfashi daban, kuma in ka kai na Funtuwa kasuwar Mai'aduwa a ce naira ɗarinka tamanin ce. A daidai lokacin nan mu nan da wuri ake ciniki, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje, kuma in ka lura wurin ma ba ci ake ba ba sawa ake ba, yarda ce kawai ta mai da shi kuɗi.

To yaƙi ya zo, kashe kuɗi ya haura dala miliyan ɗaya kowace rana, asusu ba komai. Chase ya ciyo bashi a bankunan New York da Boston da Filadelfiya ya kuma nace sai dai su ba shi zinari, zinarin ya yi ƙasa, ƙarshen Disambar 1861 bankuna suka ce sun daina biyan mutane da tsaba. Soja na filin daga ba albashi, 'yan kwangila na bin bashi. Shi a ranshi ba ya son kuɗin da ba zinari a bayanshi, amma da wuya ta yi wuya ya goyi bayan dokar 25 ga Fabrairun 1862, wadda ta ba da izinin buga dala miliyan 150 na takarda ta kuma ce dole kowa ya karɓa a biyan bashi. Kafin a gama yaƙin izinin ya kai miliyan 450. Bayan takardar kore ne shi ya sa suke ce mata girinbak, mai koren baya kenan.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba, takardun a manyan faifai ake bugo su, sai an bi da almakashi an yanka ɗaya bayan ɗaya. Maza sun tafi yaƙi, sai ma'ajin da ke ƙarƙashinshi Francis Spinner ya ɗebi mata aikin yankan a 1862, suna cikin matan farko da suka shiga aikin gwamnatin tarayya da yawa haka, duk da albashinsu bai kai na maza ba.

Sauran dabarunshi biyu ne. Ya ɗauko wani ɗan banki Jay Cooke ya sayar ma jama'a takardun bashin gwamnati na kusan dala miliyan 500, da wakilai wajen 2,500 suna bi gari gari, da talla a jaridu, har mai dala hamsin zai iya saye, ruwa kashi shida cikin ɗari kuma da zinari ake biya. Kuɗin ruwa ne tsagwaronshi, mu dai mun san hukuncinshi a wurinmu, ina faɗa maka yadda suka yi ne. Sai dokar bankunan ƙasa ta 1863, wadda ta ce banki in yana son buga takarda sai ya sayi takardun bashin gwamnati ya ajiye a baitulmali jingina, kuma duk takardun su zama fasali ɗaya. Jifa ɗaya ya samu mai ba gwamnati bashi ya kuma samu kuɗi iri ɗaya a ƙasa. Daga baya a 1865 aka lafta ma takardun bankunan jihohi harajin kashi goma suka mutu murus. Harajin samu ma a lokacin ya fara, dokar 1862 ta sa kashi uku kan abun da ya haura dala 600 a shekara. Duk da haka bashin ƙasar da yake wajen miliyan 65 a 1860 sai da ya kai wajen biliyan 2.7 bayan yaƙi, wannan lissafin ka riƙe shi ko don jarabawa.

Inda nake ganin ya yi abun kunya shi ne dala ɗaya ta farko ta 1862, hotonshi ya sa a jiki. Ita ce takardar da ta fi shiga hannun talaka, kuma kowa ya san yana hangen zaɓen 1864 ne, ya mai da kuɗin al'umma fastar kamfen. Yana cikin gwamnatin Lincoln yana cin tuwonta, mutanenshi na raba takarda a ɓoye cewa Lincoln ba zai iya ba a kawo Chase, abun ya fasu a Fabrairun 1864 ya kuma juye a kanshi. Ga shi da ɗabi'ar in an taɓa shi kaɗan sai ya rubuta takardar ajiye aiki don a lallashe shi, Lincoln ya yi ta lallashi, a ƙarshen watan Yuni 1864 kan rigimar wanda za a naɗa a ofishin baitulmali na New York ya sake miƙawa, wannan karon aka karɓa. A 1866 majalisa ta hana sa hoton mai rai a jikin kuɗi kwata-kwata.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni malamar firamare ce a Daura, yarana suka tambaye ni rubutun nan In God We Trust na bayan dala, na ce masu Ga Allah Muka Dogara, sai wata ta ce to wa ya rubuta? Na rasa amsa.

AMSA: Malama fassararki ta yi daidai, ki kuma gaishe min da ɗiyar nan mai kaifin kai. A Nuwamban 1861 wani fasto daga Fensilbaniya mai suna Watkinson ya rubuto ma Chase wasiƙa cewa ya kamata a ambaci Allah a jikin kuɗin ƙasa, shi kuma Chase mutum ne mai riƙo da addininshi sosai, sai ya umarci shugaban gidan buga tsaba James Pollock ya kawo samfuri, Chase ɗin ne ya tsayar da kalmomin. Ya fara fitowa a kan kwabbai na santi biyu a 1864. Jikin takarda kuwa sai 1957 ya hau, bayan an mai da shi taken ƙasar a 1956. Ki nuna masu naira ɗari biyar su ga ajamin da ke jiki, su gane kowace al'umma tana barin alamarta a kuɗinta.

TAMBAYA: Yaro sannu da ƙoƙari, jikana ne ke rubuta min. Ni tsohon ɗan kasuwar hatsi ne a Mai'aduwa. Shekara biyar da suka wuce na ranta ma wani aminina kuɗi, yanzu ya kawo min daidai abun da na ba shi, amma buhunan geron da za su saya a da yanzu ko rabi ba su saye. Jikan nawa ya ce wai wanga Bature ya taɓa yanke irin wannan shari'a, da gaske ne?

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Jikanka ya yi gaskiya, kuma duk cikin tarihin mutumin nan babu inda ya fi tsaya min a rai kamar nan.

Wajen wata uku da rabi bayan ya bar baitulmali, Alƙalin Alƙalai Roger Taney ya mutu, shi ne wanda ya yanke a 1857 cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Duk da abun da Chase ya yi mashi, Lincoln ya naɗa shi a kujerar a Disambar 1864, don ya san ba zai bari a maido da bauta ta ƙofar kotu ba. Ran 1 ga Fabrairun 1865 kuwa Chase ya karɓi John Rock, baƙar fata na farko da aka yarda ya tsaya lauya gaban Kotun Ƙoli, a kotun da shekara takwas baya ta ce irinshi ba su da haƙƙi.

To ga shari'ar taka Baba. Wata mata Misis Hepburn a Kentaki ta sa hannu a takarda a watan Yuni 1860 cewa za ta biya wani Henry Griswold dala 11,250 ran 20 ga Fabrairun 1862. A lokacin in an ce dala zinari ake nufi. Ba ta biya ba, kwana biyar bayan wa'adin aka yi dokar mai koren baya. A 1864 ta kawo mashi kuɗinshi har da ruwa amma na takarda, ya ce bai karɓa. Kuma yana da dalili, don a shekarar nan takardar ta zube, a watan Yuli sai ka ba da kusan dala uku ta takarda kafin a ba ka ɗaya ta zinari. Ka ga irin taka ce sak, lamba ɗaya amma gero ba ɗaya ba.

Magana ta kai gaban Chase, ran 7 ga Fabrairun 1870 ya karanta hukunci da bakinshi cewa tilasta ma mutum karɓar takarda kan bashin da aka ƙulla kafin dokar ya saɓa ma tsarin mulki, tauye haƙƙin mai bin bashi ne. Wato kuɗin da shi ya nema a yi, wanda hotonshi ke jiki, shi ya zauna ya ce an yi ba daidai ba. Wasu suka ce siyasa ce, don a 1868 ya je neman tikitin Dimokurat bai samu ba kuma idonshi na kan 1872. Ni dai a nawa ganin, duk da na soki son mulkinshi a sama, nan ya yi abun da manya kaɗan ke iyawa, ya dubi aikin hannunshi a bainar jama'a ya ce yaƙi ne ya matsa mana muka yi amma akwai wanda aka zalunta. Sai dai kuma a duba ɗaya gefen Baba, manoma da ƙananan 'yan kasuwa da ake bi bashi, da hukuncin ya zauna da sai sun nemo zinari mai tsada su biya, da yawa gonakinsu za su tafi. Kowane gefe ka juya akwai mai kuka. A ranar da aka karanta hukuncin shugaba Grant ya aika sunayen sabbin alƙalai biyu, Strong da Bradley, a watan Mayun 1871 kotun ta juye hukuncin da biyar da huɗu, Chase yana cikin huɗun, jikinshi ma ya riga ya taɓu da shanyewar ɓarin jiki. Sai 1 ga Janairun 1879 takardar ta dawo ana canza ta da zinari ɗaya bisa ɗaya, bai ga ranar ba.

Mu ma ai mun ɗanɗana a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Ina tsaye da idona a bakin tasha wata tsohuwa mai ƙosai ta kwance bakin zaninta ta fiddo tsoffin ɗari biyar biyar guda shida, duk sun yi laushi da mai, ta miƙa ma mai wake ya girgiza kai ya ce Inna ba su karɓuwa, ta tsaya tana jujjuya su tana kallon hoton da ke jiki kamar shi zai ba ta amsa, ranar ba ta yi suya ba. Ni kaina sai da na ba mai POS dubu ɗaya kafin ya ba ni dubu biyar. Ƙarshe mu ma kotu aka je, Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigar da ƙara, Katsina ta bi sahu, ran 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsoffin kuɗi su ci gaba da aiki. Takardar da ke ƙullin tsohuwar nan ba ta canza ba ko kaɗan tsakanin Fabrairu da Maris, maganar hukuma ce ta kashe ta ta kuma tashe ta.

Batun kai da amininka kuwa, hukuncin shari'a ka kai ma malaman fiƙihu na nan kusa da kai su duba, ni tarihi na kawo. Amma ina roƙonka kar kuɗi su raba ku, ku zauna da dattijo ɗaya ka nuna mashi lissafin geron, mai yiwuwa shi bai ma kawo abun a ranshi ba. Gaba kuma in za ka ranta a rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 cikin Baƙara ta ce, kuma in gero ka ba da a rubuta gero, buhu kaza.

TAMBAYA: Yaya, ɗan'uwana da ke Amurka yana turo kuɗi ta wani banki Chase, na wannan mutumin ne? 'Ya'yanshi ke ci?

AMSA: A'a ƙanwata, ko sisi ba shi da shi a ciki. Wani John Thompson ne ya kafa bankin a 1877 ya sa mashi sunan don girmamawa, lokacin Chase ya shekara huɗu da mutuwa, bayan haɗe-haɗe da wasu bankuna ya zama JPMorgan Chase a 2000. Gidanshi kuwa gidan jarabawa ne, mata uku ya aura duk suka rasu suna da ƙuruciya, ta ƙarshe a 1852 bai kuma sake aure ba, 'ya'ya shida duk mata, huɗu suka tafi tun suna ƙanana, Kate da Nettie kaɗai suka girma, Kate ɗin ce ta riƙe mashi gida ta kuma yi ta fafutukar ganin ya zama shugaban ƙasa. Ya mutu ran 7 ga Mayun 1873 a New York a gidan Nettie, aka binne shi a Washinton, a 1886 aka maida shi Sinsinati, garin da ya fara tsaya ma Matilda.

Masu tambaya kan sefa da dalilin da ya sa take ta hawa a Jibiya, na ga saƙonninku, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.